Hannun Yaya Sani

"Rufe idonka, Yaya. In ka ji na taɓa ka, ka yi magana."

Muna zaune a tsakar gidanmu a Roni, hannunsa na dama a kan cinyata. Yaya Sani kafinta ne. Bara waccan ya faɗi da babur a hanyar Kazaure, kafaɗarsa ta daki ƙasa, tun ranar hannun yake reto kamar ba nasa ba. Ni kuwa ina shekarar ƙarshe a karatun gashin ƙashi, kwanan nan aka koya mana duba jijiyoyin hannu.

Na goga masa auduga, shiru. Na ɗauki tsinke na dinga tsikarinsa, daga yatsu har damtse.

Ya yi murmushi, idonsa a rufe, ya ce, "To fara mana, likita."

Wallahi na daɗe da farawa.

Inna tana gefe tana tsintar wake. Ta ce, "Ai ni na hana shi yawon asibiti. Na ce ya yi haƙuri, ƙaninsa na nan tafe da ilimi."

Na ajiye tsinken. Malaminmu ya ce irin wannan jijiyar, in ba a yi mata aiki a watannin farko ba, da wuya ta dawo. Watannin nan ni ake jira suka wuce.

Na ce wa Yaya Sani zan ƙara dubawa gobe. Har yanzu ban iya haɗa ido da shi ba.

Jama'a, da wane baki zan gaya musu?