Littafin da Aka Ɗinke ta Baya

Malam Abdourahamane mutumin Damagaram ne. Karatun kimiyya ya kawo shi birnin Lyon na Faransa, amma sana'ar kakansa ce ta riƙe shi, wato ɗinke littattafai da yi musu bangon fata, a wani ɗan shago a unguwar Guillotière da mutum biyu ba sa iya juyawa a ciki. Shekara ashirin da shida yana gyara wa malamai littattafan Larabci, yana bugun ƙirji wai bai taɓa ɓata aikin kowa ba. Matarsa Balkisa takan ce bakinsa ya fi allurarsa tsini.

Wata Talata wata Ba'indiya mai suna Vasanti ta zo daga Paris da 'yan littattafai goma sha takwas, duk sun ji jiki. Ta ce tsohuwar waƙar mutanensu ce, labarin yaƙin 'yan'uwa, an raba ta juzu'i-juzu'i. Mahaifinta na kwance a asibiti nan Lyon. Tun yana yaro ake fara karanta masa ita, ba a taɓa kaiwa ƙarshe ba, shi kuwa burinsa ya ji ƙarshen. Tana so a haɗe su, ta riƙa karanta masa juzu'i ɗaya duk Asabar. Mako goma sha takwas ga mai jinya! Malam ya tausaya mata.

Ta sa musu lamba da fensir, shi kuma ya zage ya yi aiki mai kyau. Sai dai hannu ya bi abin da ya saba, ya jera su daga dama kamar littafin Larabci, na ƙarshe ya koma farko. Ta karɓa da kwana biyu kafin abin ya faɗo masa. Kunya ta hana shi cin abinci, ya kira ta ba ta ɗauka ba.

Bayan mako uku ta dawo.

"Madam, ki gafarce ni, na ɓata miki aiki. Kawo in warware."

"Kada ka taɓa shi, Malam," in ji ta. "Na buɗe na ga na goma sha takwas a farko, Baba ya yi dariya ya ce in karanta hakanan. Ya ji yadda 'yan'uwan suka ƙare. Ran Laraba ya rasu."

Idon Malam ya ciko. Tun ranar Balkisa ba ta sake jin ya ce bai taɓa ɓata aikin kowa ba.