Shawarar da Sista Nkiru Ba Ta Gane Ba

Ranar da Hasana ta fara raka ƙanenta Murtala asibitin unguwa a Tarauni, ba ta daɗe da fita takaba ba. Layi ya yi tsawo, ga gwiwa ta ƙi. Wata ma'aikaciya gajera mai tabarau ta ɗago ta dube ta, ta miƙe ta turo mata kujerarta, ta ci gaba da rabon magani a tsaye har azahar. Sista Nkiru ke nan.

'Yar Inugu ce, aure ya kawo ta Kano. Mijinta Jideofor yana sayar da kayan gyaran mota a Unguwa Uku. Hausarta a kasuwa ta tsince ta, tana yi tana kwaɓawa, ko a jikinta. Aka ba ta sashen masu tarin fuka, inda wasu ke wucewa suna toshe hanci, ta zauna daram. Duk wanda ta miƙa wa magani sai ta ja masa kunne: wata shida ne ba fashi, fitsari zai yi ja kada a tsorata, in an ga wani abu daban a zo a faɗa.

Murtala tela ne a Gyaɗi-Gyaɗi. Ya fara sha, tari ya lafa, har ya koma kan keken ɗinki. Can sai amai, abinci ya fita ransa. Wata safiya Hasana ta lura farin idonsa ya rine. Ta ɗauki hijabi sai asibiti.

"Sista, Murtala fa ya samu shawara."

Nkiru tana ta fama da jama'a. Ta ce, "To madalla, Hajiya! In mai kyau ce ya bi ta. Ya ci gaba da shan magani."

Hasana ba mai musu ba ce. Ta juya jiki a sanyaye, tana cewa ko gatse aka yi mata. A gida maƙwabta har sun kawo jiƙon saiwa a kwalba.

Ana kiran la'asar sai ga adaidaita sahu a ƙofar gida. Nkiru ta faɗo ko sallama ba ta ƙarasa ba. Ashe wajen cin abinci take ba abokan aiki labari, wata ta ajiye cokali ta ce mata ai shawara ciwo ce, ciwon da ke sa ido ya yi ɗorawa. Lungu-lungu ta bi tana tambayar gidan tela mai tari.

Ta ja Murtala tsakar gida, ta buɗe idonsa a hasken rana. "Magani ya taɓa hanta. Kar ka ƙara haɗiyar ko ɗaya sai likita ya gan ka. Wannan kwalba kuma a zubar." Ita ta raka su babban asibiti, aka ɗebi jini, aka kwantar da shi.

Da ido ya washe aka sallamo shi, likita ya ce a dawo da magani sannu a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Da Nkiru ta zo duba shi, Murtala ya ce atafau.

"Abin da ya kusa kai ni lahira? Sista, ki sha kayanki."

"Ni ba na tari, mai keke. Kai ne ƙirji kamar tsohon janareta."

Ta gaya masa gaskiya: in ya bari a rabi, tarin zai dawo da taurin kai, maganin yanzu ba zai ƙara jin sa ba, ga 'ya'yansa a ɗaki ɗaya da shi. Ya juya mata baya. Washegari ta dawo. Jibi ma haka, kafin ta wuce aiki. Ranar Lahadi daga coci ta zo sanye da ashobenta, wato anko, ta zauna bakin shago ta ce ba inda za ta, ko masu ɗinki su ɗauka ita ce sabuwar mai guga. Murtala ya gaji, ya miƙa hannu, ya yi bisimilla ya haɗiye.

Da Hasana ta rako ta bakin titi, Nkiru ta riƙe hannunta.

"Hajiya, akwai sauran watanni, kuma zai sake gardama. Ki taimake ni da abu ɗaya. Kullum da safe, kafin ya sha, ki fito da shi rana ki duba idonsa. In kin ga ya canja, ki zo ki kama hannuna ki ja ni. Kar ki tsaya jin Hausata."