Ƙofar Tanko

Iya Delu, kakarmu ta wajen uba, ba ta yarda a yi aron tatsuniya ba. Kowane jika da tasa. Da zarar yaro ya yi wayon da zai zauna bai dami mutane da kuka ba, sai ta ƙare masa kallo ta zaɓa masa guda, daga ranar ta zama tasa. Ba mai ba da ta wani a wani wuri sai da izinin mai ita. Ban san inda ta samo wannan doka ba. Na tambayi mutanen wasu garuruwa, ban sami wanda ya ce ana yi a gidansu ba. Wataƙila dabararta ce ta raba mu da faɗa, ko da yake in haka ne ba zan ce ta yi nasara ba.

Sana'arta ƙuli-ƙuli, a gidanmu da ke wani ƙauye kusa da Ringim. Idan ta sauke kaskon ƙarshe bayan magariba ba ta kashe wutar. Sai ta tura dankali cikin toka, ta jawo tabarma, ta miƙe ƙafafun da suka wuni a tsaye. Tsakar gidan duk ƙamshin man gyaɗa, har rigunanmu sukan kwana da shi. Wanda za a ba da tasa a ranar shi ke zama daf da ita, a damƙa masa karan iza wuta. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Ita cewa take, "Ga wata baƙuwa nan tafe, ku matsa mata." Mu kuma mu amsa, "Ta shigo, akwai wuri."

Yayyena sun sami ta jarumai masu sare kan dodo. Bilkisu, 'yar goggona, taubashiyata kuma sa'ata, ta sami wata 'yar gajeriya ta kazar da ta ɓatar da ƙwanta. Ni aka ba ni ta Tanko, mutumin da bai je ko'ina ba. Na taɓa yin ƙorafi.

"Iya, me ya sa ni kika ba wanda aka bari a gida?"

"To wa zan ba, angona? Kai da in an aike ka gishiri sai ka dawo daga zaure ka tambaya ko da gaske gishiri aka ce."

Aka yi ta dariya, Bilkisu har da faɗuwa. Tun daga nan ta laƙaba mini Malam Wataƙila, har yau kuma ba ta sauke ba.

Ga yadda tatsuniyar take, in ban rage wani abu ba. A wani gari da ba su taɓa ganin ruwan da ya fi tafki ba, wata tsohuwa baƙuwa ta sauka, ta ce ta san inda ƙasa ke ƙarewa, ruwa ya fara, ba a hango ɗaya gaɓar. Mutane kaɗan suka ce za su bi ta su gani. A zamanin nan babu ashana, wuta in ta mutu a gari ta mutu, don haka dole a bar mai kula da ita. Aka bar Tanko, saboda shi ne ba ya mantuwa. Suka tafi a ƙafa, tsohuwa a gaba. Iya takan ja wannan wuri sosai: yadda suka hau duwatsu da rarrafe, suka kwana a kogo, suka ratsa ƙasar da ciyawarta ba ta bushewa, har suka tsaya a kan wani dutse suka leƙa, suka ga ruwan yana dukan gindinsa yana kumfa kamar an kaɗa nono. Iya ba ta taɓa wuce Kano ba, amma in tana faɗa sai ka ji sanyi a wuyanka.

Suka dawo da tsakiyar damina, jiƙe sharkaf, haƙoransu na karo. Ruwa ya kashe kowace wuta a garin sai ta ɗakin Tanko. Suka buga ƙofa. Tanko ya ce, "Ba ku kuka ga teku ba? Ku koma ku ji ɗumi a can."

A daidai nan Bilkisu ke yin barci, kullum. Ita teku take jira, da an wuce shi sai ta ɗora kai a cinyar Iya.

Na girma na karanta labarin ƙasa a jami'a, kuma ina jin tekun Iya ne ya kai ni. Aikin kammala karatuna a kan yadda igiyar ruwa ke cin gaɓar dutse na yi shi, duk daga littattafai, ban taɓa ganin ko ɗaya da idona ba. Bayan zaman jiran aiki da ba na son tunawa, na samu hanyar Doha, aikin gadi a wani gini a unguwar Al Sadd. Ba ina raina aikin ba ne, da shi nake riƙe gida. Lokacin annoba aikina shi ne in tsaya a ƙofa da takunkumi ina duba wayar kowa, in alamar lafiyarsa ta nuna kore ya wuce. A cikin wannan kulle Iya ta rasu. Babu jirgi. Ni ina Doha, Bilkisu tana Ireland inda take aikin jinya, duk ta waya muka ji an kai ta.

Ya kamata in yi wa Bilkisu adalci. Ta ga abin da ban gani ba a watannin nan, ta rufe idon mutane da yawa da danginsu ba su samu shiga ba. Idan akwai wanda ya cancanci hutu, ita ce. Na faɗa wa kaina haka sau da yawa, bai dai hana komai ba.

Ana gab da fara gasar kofin duniya ta ɗauki hutu ta shiga wata tafiya. Su kaɗan ne, ba su cika ƙaramar mota ba, da jagorarsu, wata mata mai furfura da ta ce ta fi su duka ƙarfin ƙafa. Wuni guda su taka a ƙasa ta bakin teku, washegari su hau keke ta cikin gonaki, wata rana su tuƙa ƙananan kwale-kwale. Kullum sai hotuna sun shigo zauren danginmu na waya. Tumaki da fenti a bayansu. Katangun dutse da aka jera ba siminti. Ciyawa kore shar har bakin gari. Sai wata safiya ga ta tsaye cikin rigar ruwa ja, a kan wani dutse mai tsayin da ban iya kwatantawa ba, ruwa na dukan gindinsa yana kumfa. Ta rubuta a ƙasa, "Wani dutse dai, na manta sunansa."

Ni na san yadda aka yi dutsen nan ya zama haka. Na ci jarrabawa a kansa. Na rubuta mata "Masha Allah," na kife wayar.

A lokacin an mayar da mu filin wasa na Al Thumama ana koya mana tarbar 'yan kallon gasar. Aka ba kowa wani ƙaton hannun soso mai yatsa ɗaya a miƙe, da shi za mu riƙa nuna wa jama'a hanyar mota. Filin ba kowa tukuna, mu kaɗai cikin rana muna nuna wa iska hanya. Ina cikin wannan, bayan la'asar, ta kira. Iska na kaɗawa a wayarta har ina jin ƙararta.

"Malam Wataƙila! Kana raye?"

"Ina inda kika bar ni. Ke ce 'yar yawon duniya."

"Ka ga, ba ni da lokaci, sun yi gaba. Yau ne kwananmu na ƙarshe. A wani gidan gona za mu sauka, suna da murhu a falo, wai ƙasa suke haƙowa su busar su ƙona kamar itace. Matar nan ta ce bayan abinci kowa zai ba da labarin garinsu a bakin wuta. Ni ta kaza ba za ta yi ba, dariya za su yi mini. Ka ara mini Tanko."

"Ai kin san ta."

"Na san ta har bakin ƙofa. Ya buɗe ko bai buɗe ba? Na tambayi su Yaya, kowa tasa ya riƙe."

Sai a lokacin na lura ba ta taɓa jin ƙarshen ba. Iya ta tafi, kuma da alama ni kaɗai na rage da shi. Na ji wani abu mai kama da daɗi ya taso mini, ba irin daɗin da mutum zai yi alfahari da shi ba. Ita ke da dutsen, da iskar, da tsohuwa mai jagora, da murhun ma. Abu ɗaya ne nawa, shi ma tana so ta kai wa Turawa su tafa mata.

"Ina bakin aiki," na ce. "Zan duba ko ina tunawa. Ban tabbata ba."

"Kai da ba ka manta launin kwanon da ka ci tuwo ranar sallar bara? Don Allah, ɗan kawu. Kafin su gama cin abinci."

A motar komawa masauki na ba Issaka labari, abokin ɗakina, mutumin zangon Kumasi da ya girme ni nesa. Ya cire hularsa yana fifita.

"Tatsuniya ce ko gona? Ba ta, khalas, magana ta ƙare."

"Ba za ka gane ba, Baba Issaka. Doka ce a gidanmu."

"Na gane sarai. Ita tana shan iska, kai kana shan rana. Dokar ta ce a nemi izini, ba ta nema ba?"

Gaskiyarsa, ta nema. Na jingina da taga ina biya sauran tatsuniyar a raina, ba don in ba ta ba, don dai in tabbatar tana nan.

Da Tanko ya ƙi buɗewa, mutanen suka fara roƙo, wasu suka fara zagi. Tsohuwa ta ce su bari. "Wutarsa ce, shi ya kwana yana hura ta. Ku zauna nan gindin bango mu tuna abin da muka gani, ko ma ɗauke hankalinmu daga sanyi." Suka zauna suna hirar teku ƙasa-ƙasa. Tanko ya manna kunne a ƙofa, ruwa na zuba, ba ya jin komai sai guntu-guntu. Ya ɗan sassauta ƙyauren. Har yanzu bai ji ba. Can ya wangale shi gaba ɗaya, ya daka musu tsawa: "Ku shigo ciki ku faɗa da ƙarfi, wannan ruwan ya hana ni ji!"

Nakan tambayi Iya, "Shi ke nan ya huce?"

"Wa ya ce maka ya huce? Har ya tsufa yana jin haushinsu. Amma duk garin ba wanda ya kai shi sanin tekun nan, don kowa ya dawo da abin da idonsa ya gani, shi kuwa ya tatse na kowa."

Ina yaro na ɗauka darasin shi ne kada a yi rowa, irin abin da ake gaya wa yara. A motar nan na fara zargin ba shi ba ne. Iya ba ta ce Tanko ya zama mutumin kirki ba, ba ta kuma ce zaman gida ya fi tafiya ba. Ina jin ta dube ni tun ina ƙarami ta ga yaron da zai daɗe a bakin ƙofofi yana kallon masu wucewa, ta san haushin ba zai bar ni ba. Abin da ta bar mini shi ne son ji ya ɗan fi haushin ƙarfi, ko da kaɗan ne. Zai yiwu na ɗora mata abin da ba ta nufa ba. Ba ta nan balle in tambaya.

Bayan magariba na hau saman gininmu, inda na'urorin sanyaya ɗaki ke huci, na ɗauki muryata na tura mata. Na faɗa yadda Iya ke faɗa, har da tsawar. A ƙarshe na ce, "Aro ne, ba kyauta ba. Ki faɗa musu ta wace ce. Kuma gobe ki kira ni ki ba ni labarin dutsen nan tun daga ƙasa har sama, ba hoto ba, da bakinki."

Ta kira washegari, Juma'a, ina zaune a bakin tekun Al Wakrah, wanda ke kwance lumui kamar shayin da ya huce. Ta ce jagorar ta sa ta maimaita wurin ƙofar, ta ce wani tsoho a cikinsu ya ce shi ma yana da Tanko a gidansu. Na ce to, mu koma kan dutse.

"Dogo ne."

"Na ga dogo ne. Jikinsa hawa-hawa yake kamar an jera faranti, ko dunƙule yake?"

"Oho. Baƙi ne dai."

"Baƙi yaya? Kin taɓa shi? Yana marmashewa a hannu?"

"Malam, ni tsoron faɗawa nake, ina na ga ta shafa dutse?"

Mutum ya je har inda ƙasa ta ƙare, ya dawo da "baƙi ne dai." Na ji haushin ya taso sabo fil. Na gyara zama, na matsa wayar a kunnena.

"To iskar fa? Fara daga iskar. Kuma ki ɗaga murya, ba na jin ki sosai."