Ranar da Aka Ɗauko wa Kyanwata Buhu

Lokacin da wannan abu ya faru mijina bai daɗe da rasuwa ba, na dawo gidan ƙanena a Unguwar Lalle ina sana'ar ƙuli-ƙuli. Ni mace ce mai kafiya, dangi duk sun shaide ni a kan haka, kuma ban taɓa jin kunyar shaidar ba. Wata damina ruwa ya kayar da tsohon rumbu a bayan gidanmu. Na ji kuka cikin ɓaraguzan, na tona na tarar da 'yar kyanwa jiƙe sharkaf, ba ta fi tafin hannuna ba. Da tsumma na riƙa ɗiga mata madara har ta rayu. Da ta fara yawo sai na zaro jan zaren roba daga bakin buhun gyaɗa na ɗaura mata a wuya, kamar yadda muke ɗaura wa kaza ƙyalle, don yaran unguwa su san tana da mai ita, kada su jefe ta.

Ta girma ta yi ɓul-ɓul, ga haƙuri, har 'yan tsaki suna tsallake ta tana kwance. In ina matsar mai, a kan ƙafata take barci. Ita ce abokiyar hirata a ɗakin da babu kowa sai ni. Shi ya sa ranar da na shafa mata wuya ta juyo ta gantsara mini cizo a babban yatsa, zuciyata ta fi yatsan ciwo. Ba a jima ba matar ƙanena ta kamo ta ta ƙeya za ta ɗauke ta daga tabarma, kyanwar ta yakushe ta dab da ido. Ta rage cin abinci, ta koma ƙarƙashin gado tana gurnani. Nan fa maƙwabta suka samu abin faɗa. Wasu suka ce iska ta shige ta, wasu suka ce dama abin da aka tono daga kango wa ya san ko na wane ne. Na yi mata hayaƙi, na yayyafa mata ruwan addu'a, har tsintsiya na ɗauka na make ta. Wannan duka har yau yana damuna.

Ranar kasuwar Sabon Birni ƙanena ya shigo da buhu a hannu. Ya ce, "Yaya, mussag ga ba ta ƙara kwana gidan ga. Gulbi za ni kai ta." Ban ga laifinsa ba, idon matarsa ya kusa tafiya. Amma na tare bakin ƙofa na ce, "Miƙo buhun. Ni nit tono ta, ni za ni kai ta ga malamin dabbobi. In ya ce ba ta gyaruwa, da hannuna za ni ba ka ita." Ya yi ta faɗa cewa zan mai da mu abin dariya a gari. Na ce a yi dariyar, ba ta kisa.

Na shiga mota da buhu a cinya tana ta ihu a ciki, matar da ke kusa da ni tana ja da baya tana a'uziyya. Na samu malamin a kara, wato kasuwar dabbobi, yana yi wa raguna allura. Ya yi dariya ya ce shi tunda yake aiki ba a taɓa kawo masa kyanwa ba. Na shimfiɗa gyalena na zauna, na ce to yau an kawo, kuma ba inda za ni. Da ya gama da raguna ya naɗe ta da zane, kai kawai ya bari a waje, ya fara buɗa gashin wuyanta. Wari ne ya fara bugo mu. Jan zaren nan da na ɗauka ya daɗe da tsinkewa yana nan, wuya ya yi kauri shi bai saki ba, ya nutse cikin nama ya yi ruwa, gashi ya rufe shi. Ya tambayi wanda ya ɗaura, na ce ni ce, hawaye suna zubo mini.

Ya yanke zaren, ya wanke ciwon, ya ba ni magani. Ya ce in kulle ta a ɗaki in sa mata ido na wasu kwanaki, mu kuma da aka ji wa rauni mu je asibiti a ranar, domin haukan kare yana kama kyanwa ma. Na ja matar ƙanena muka je. Zaren kuwa na kawo shi gida na ajiye wa ƙanena a kan buhunsa.

'Yan uwa, in dabba mai haƙuri ta juya muku rana tsaka, ku nemi ciwo a jikinta kafin ku nemo mata aljani, ku kuma kai cizon asibiti. Abin da kuka ɗaura wa ƙaramar dabba ku riƙa dubawa, domin ita tana girma, zare ba ya girma. Kyanwata ta warke, ta dawo barci a kan ƙafata, amma gashi bai sake fitowa a wurin ba. Na so a san tana da mai ita, yanzu duk wanda ya ga zoben tabon nan a wuyanta ya san aikina ne.