Shokozobar Aro

Duk wanda ya ce muku faɗa da Kawu ne ya raba ni da garejinsa na Karmo, ƙarya yake. Wallahi ga abin da ya faru, shekara uku ke nan.

Ni ke gwada shokozoba a wurin, wato ƙarfen da ke hana mota tsalle a kan hanya. Ku danna gefen mota da ƙarfi ku saki, in ta taso sau ɗaya ta tsaya, lafiya lau, in ta yi ta rawa, ta mutu. Amma muna da sababbi guda biyu na aro: a ɗaura wa mota, ta je wurin dubawa ta samo takardar lafiya, ta dawo a mayar mata da matattunta. Kowa ya sani, kada ku yi min wani salati.

Haka muka yi wa Malam Sabo, direban haya. Da hannuna na danna tsofaffin, na ce, "Kawu, wannan ai kwale-kwale ce." Ya ce, "Ke, ina ruwanki?" Bayan sati biyu motar ta wuntsila a hanyar Zuba, wata mata da ke kujerar baya ta hagu ta rasu.

Wata Talata da rana tsaka aka ɗaura na aron a wata mota. Na danna baya ta hagu, ta sauka, ta ƙi tasowa, kamar an zauna. Na ce iska ce ta shige su, na ja motar da kaina zuwa wurin dubawa. Tana hawa na'ura sai jami'in ya leƙo, ya ce, "Madam, ki ce wa Hajiya ta sauka mana, nauyinta yana ɓata min awo."

Na waiwaya. Ba kowa.

Ban san abin da ya sa ba, na ce, "Baba, ki yi haƙuri." Ina jin motar ta taso a hankali, a hankali. Sai ga takarda, mun ci.

Kawu ya ce rana ce ta buge ni, in kwance na aron, gobe akwai bas ɗin 'yan makaranta daga Gwarimfa da za a ɗaura wa.

Ban san mene ne ba, kuma ban tambayi malami ba. Ku dai danna motarku da hannunku, takarda ba ta riƙe taya a kan kwalta. Ni kam na kwance su, na ajiye a ƙasa, na tafi aron injin yankan ƙarfe wurin mai walda, in daddatsa su.