Layin Biro a Hannuna

Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Mayu, ina kan keken ɗinki ƙanwarki ta bugo min waya cewa Allah ya karɓi ranki, Sista. Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma.

Kowa ya san ki da faɗa a asibiti, a ɗakin masu saran maciji, ni ma da faɗan muka fara. Na zura hannu bayan tarin yadi a shago, maciji ya sare ni a hannun dama. Maigidana, don ƙauna, ya ɗaure min damtse tamau da robar taya. Sai da kika sa min maganin dafin, kika kwance robar a hankali, sannan kika juya kan maigidana kika wanke shi tas da faɗa.

Daga baya kika zauna bakin gadona. "Ƙanwata," kika ce, "dafin nan yawun maciji ne, aikinsa narkar masa da nama. Akwai sinadarai a ciki masu cinye tsoka da ƙananan jijiyoyin jini. In an ɗaure, an kulle shi wuri guda yana ta ci, jini kuma ba ya isowa."

Hannun ya kumbura suntum, ya yi bororo, ya soma baƙi. Aka fara maganar yankewa, ni kuwa da shi nake ciyar da 'ya'yana. Kika ɗauko biro kika ja layi a bakin kumburin, duk zagayowarki sai kin duba, in ya ƙetare ki ja sabo. Layi ya yi ta hawa, ina ta kuka. Wata safiya kumburin ya tsaya bai ƙetare ba. Kika kira likita, ya duba, ya ce a dakata. Ƙaramin yatsana kaɗai ya tafi, kika ce ai ba da shi ake sa zare a allura ba.

Ko bayan sallama ba ki bar ni na huta ba. In kin biyo ta shago sai kin lanƙwasa min yatsu don kada su sandare, ina ihu kina dariya. Wallahi na ƙaunace ki.

Da aka kawo farin yadi ranar rasuwarki, ban bar wa kowa ba. Da hannun nan na ɗinka miki likkafani.

Allah ya jiƙan ki, Sista, ya yafe miki, ya haskaka kabarinki. Ya ba maigidanki da 'ya'yanki da ƙanwarki haƙurin rashinki.