Ni da Oga da Karyarsa a Hanyar Zakira

Mun tashi daga unguwar Najma ana idar da sallar asuba, ni da abokin zamana na ɗaki, wani ɗan Zongon Kumasi mai aikin gadi. Na roƙe shi ya raka ni ne saboda Larabcinsa ya fi nawa, kuma ranar yana hutu. Saura mako biyu a fara gasar kofin duniya, garin duk ya sha tutoci, har shagon mai aski na ƙasan gidanmu ya rataya na ƙasashen da bai san inda suke ba.

A Lusail muka ɗauki Oga. Bature ne, tsohon injiniya, shekara uku ina tuƙa shi. Matarsa ta rasu lokacin korona, ta bar masa wata tsohuwar karya mai jan gashi da ɗingishi. Ya ce so yake ya gudu daga hayaniyar ƙwallo, mu nemo masa ɗaki ko tanti a bakin ruwa inda za a yarda ya kwana biyu da karyarsa.

Tun a wajen loda kaya na fara zargi. Kwana biyu, amma ga buhun abincinta guda cur, ga katifarta, ga kwanukanta, ga jakar magungunanta, har da takardun likitan dabbobi cikin leda. Shi kuwa Oga 'yar jaka ɗaya ya riƙo. Na san abin da idona ya gani lokacin korona. Baƙi da yawa da aiki ya ƙare musu, kafin su hau jirgi sai su kai karnukansu bayan Al Wukair su buɗe ƙofar mota su ja. Na sha ganin karnukan suna bin kowace mota da gudu. Ni ba mai son kare ba ne, ba na taɓa ta sai dole, kuma duk ranar da ta shiga motar sai na wanke kujeru. Amma abin da ya tsaya mini a rai daban ne. In mutum zai iya yar da abin da matarsa ta bar masa, to direba fa? Bizata a hannunsa take, shi ne kafil ɗina, wato mai tsaya mini a takardun zama. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Muka hau titin Shamal. Titi ne da za ka iya shanya gari a kansa don santsi, kyamara kuma a kowane taku, saboda haka ƙafata ba ta wuce ƙa'ida ba. Sababbin motocin bas na 'yan kallo sun yi jerin gwano, babu kowa a ciki, direbobi suna koyon hanya. Muka tsaya wani ɗan shago muka sha shayin karak da gurasar capati mai ƙwai. Karak dai yana nan a riyal ɗayansa, shi kaɗai ne ƙwallo ba ta hau kansa ba. Abokina ya gutsura wa karyar capati yana cewa, "Shi ma ya ci, ai ya yi asubanci." Haka Hausarsu take, mace da namiji duk shi ne.

Wuri na farko da muka je kusa da Simaisma ne, ɗakunan katako masu kyau a bakin teku. A waya sun ce wa Oga babu matsala. Da mai gadi ya leƙo ya ga kunnuwa a kujerar baya, sai ya kaɗa kai ya ce mamnu, wato an hana. Aka kira manaja, ya ce shi da aka ce dabba ya ɗauka kyanwa ce. Na biyu kwantenoni ne da aka jera aka yi musu fenti don 'yan kallo. Mai kula da wurin ya ce ya yarda, amma karya a mota za ta kwana. Oga ya juya ya koma mota. Na uku kuwa wani ne da Oga ya samu a intanet, hotunansa har da ciyawa da kwale-kwale. Muka bi taswirar da mai wurin ya turo, ta kai mu wani fili da aka kewaye da waya, babu ko inuwa. Abokina ya kira shi, mutumin ya ce a fara turo kafin alƙalami sannan ya faɗi ainihin wurin. Abokina ya ce masa khalas, wato shi ke nan, ya kashe wayar.

A kowane wuri ina lura da Oga. Ba ya duba gado, ba ya tambayar iyakwandishan. Katanga yake dubawa, da inuwa, da fuskar mai wurin. Mai neman hutu ba haka yake yi ba.

Bayan azahar muka isa Zakira. Can teku ya kutso cikin ƙasa ya kwanta lamo tsakanin wasu gajerun itatuwa masu tsirowa cikin ruwan gishiri, sai ka rantse tafki ne. Wani masunci ya kwatanta mana wata gona a gaba kaɗan. Mai kula da ita wani dattijo ne ɗan Sudan, yana da ɗakunan katako biyu da tanti, da wasu siraran karnukan farauta guda biyu na maigidansa. Bai tambayi komai ba, ya durƙusa ya buɗe bakin karyar ya duba haƙoranta, ya shafa ƙafar da take ɗingishi. Wannan ma bai kwanta mini ba. A kasuwar dabbobi ta Mai'adua na saba ganin irin wannan dubawa, kuma ciniki ne ke biyo baya.

Dattijon ya dafa mana majbus da kifi, shinkafa mai ƙamshin busasshen lemun tsami, muka ci har muka kasa tashi. Bayan la'asar ya ja Oga gefe suka daɗe suna magana. Na tura abokina ya je kamar zai ɗebo ruwa, ya dawo ya ce bai ji komai ba sai kalmar Janairu.

Washegari da hantsi Oga ya tafi bakin ruwa da karyar. Bayan kamar awa ɗaya ya dawo shi kaɗai, igiyarta a hannunsa. Ban san lokacin da na miƙe ba. Shekara uku ban taɓa yi masa tambayar da ta wuce ina za mu ba, amma ranar na tare shi.

"Oga, ina take?"

Ya nuna mini da hannu. Tana can cikin taɓo har wuya, ita da karnukan gonar, dattijon yana tsaye a kansu. Kunya ta kama ni, amma tunda na riga na buɗe baki sai na ƙarasa. Na ce masa na ga kayan da muka ɗauko, ya faɗa mini gaskiya.

Ya zauna a bakin tanti. Sannan ya ce a watan Janairu zai koma ƙasarsu, za a yi masa aiki a zuciya, ba ya jin zai dawo. Likita ya ce karyar ta tsufa, ba za ta jure jirgi ba. Wata biyu yana neman wanda zai karɓe ta bai samu ba, shi ne ya ce bari ya ga inda za a buɗe mata ƙofa ba tare da an san komai ba. Zai bar ta nan mako ɗaya a gwada.

"Ni fa?" na ce.

Ya ce ya yi wa wani abokin aikinsa magana ya karɓi bizata, mutumin bai ba da amsa ba tukuna, shi ya sa bai gaya mini ba, don kada ya sa mini rai. Ya ce ya yi kuskure da ya yi shiru.

Mun juyo a ranar, ba mu cika kwana biyun ba, don ya ce in ya ƙara kwana ba zai iya barinta ba. Dattijon ya riƙe ta a jikinsa har muka fita daga gonar. A Lusail muka sauke Oga. Muka shigo Najma ana kiran magariba, cunkoso da ƙamshin suya suka tarbe mu.

Abin da na ɗauko daga wannan tafiya shi ne, zargina ya gano tafiyar Oga daidai, amma ya ɓata wajen sanin halinsa, ya kuma hana ni jin daɗin hanya tun daga Lusail. Tambaya ɗaya ta ba ni abin da yini guda na leƙe-leƙe bai ba ni ba. Don haka ban zauna jiran amsa ba. Da safe na karɓi lambar abokin aikin nasa, na goge kaftanina, na tafi ofishinsa da ƙafata.